Rancen jari a ƙauye: ina ake samu, kuma wa zai tsaya maka?

Ɗan_Gagarawa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Gumel. Mu da ƙauyuka biyu na kusa da mu babu injin niƙa, sai dai mata su ɗora wa yara hatsi a ka su kai har bakin titi. Ina so in kafa inji, na gari da na markaɗe. Na yi lissafi, da rumfa da komai zai ci wajen naira dubu 900, abin da ke hannuna kuma dubu 350 ne na riɗin da na sayar. Na je wani banki a cikin gari, aka ce sai na kawo takardar fili ko ma'aikacin gwamnati ya tsaya min. Gonarmu ta gado ce, ba ta da takarda, ba a ma raba ta ba. Don Allah wanda ya taɓa samun rance yana ƙauye, ta ina ya bi? In da hali kuma ba na son mai ruwa.

Bakatsine77:
Wa alaikumus salam. Banki ba ya ba talaka bashi, kada ka wahalar da kanka. Ka shiga adashe kawai.

Hajiya_Maijidda:
Bakatsine, adashe ba a faɗa masa haka kawai. Ni uwar adashe ce, na san yadda abin yake. Ƙanena, a ce ku ashirin ne, kowa yana zuba dubu 10 ranar kasuwa, ɗauka ɗaya dubu 200 ke nan. Kai kana neman dubu 550. Ko hannu biyu ka shiga ba zai kai ba, kuma sabon shiga ba a ba shi ɗaukar farko sai wani sananne ya tsaya masa. Sannan zubin da za ka riƙa yi kafin injin ya fara kawo kuɗi, daga ina zai fito? In ka taɓa dubu 350 ɗin nan kana zubi da ita, ka koma baya. Adashe yana yi wa wanda ya riga yana da abin shiga kullum, kamar mai shayi ko mai ƙosai.

Bakatsine77:
Hajiya ai duk da haka ya fi zuwa banki a wulaƙanta mutum.

Mai_Inji_Ringim:
Ɗan Gagarawa, sana'ata ce kake son shiga, bari in faɗa maka abin da ba a sa wa a lissafi. Kuɗin injin ba shi ne matsala ba, riƙonsa ne. Akwai mai, akwai bel, akwai faranti da ke cinyewa sai an wasa ko an sauya, akwai bakanike da za ka ɗauko daga gari ka biya masa kuɗin mashin zuwa da komawa. Kuma aiki ba ɗaya yake ba duk shekara. Daga kaka zuwa ƙarshen sanyi ba ka zama, da azumi ma haka, markaɗen wake da na gero har dare. Amma da an shiga tsakiyar damina rumbu ya yi ƙasa, wanda ke kawo kwano biyar sai ya koma kawo biyu, wasu kuma a niƙa musu bashi. In ka ci bashin da ake biya kowane mako ba ɗagi, watan Yuli da Agusta za su ba ka wuya.

Shawarata, kada ka fara da biyu. Ka fara da na gari shi kaɗai, ka nemi na hannu mai lafiya, ka tafi da bakanike ya duba. Rumfa kuma ka yi ta kara ko ta zana tukuna. Za ka ga dubu 900 ɗin nan ta sauko sosai.

Tsohon_Akawu:
Na yi aikin banki har na yi ritaya, bari in ɗan warware, don ana haɗa abubuwan da ba ɗaya ba.

Manyan bankunan kasuwanci ba don irin buƙatarka aka gina su ba. Wahalar da za su sha a kan fayil ɗin mai neman dubu 500 ita ce za su sha a kan mai neman miliyan 50, don haka suke kafa sharaɗin da suka san ba za ka iya ba. Kuma kuɗinsu yana da tsada: a ƙarshen 2024 ma'aunin ruwan da Babban Bankin Najeriya, CBN, ke sa wa ya kai kashi 27.5 cikin ɗari, banki kuma sai ya ɗora nasa a kai.

Waɗanda ke zuwa ƙauye su ne ƙananan bankuna, maikrofainans. Su ba sa neman takardar fili. Abin da suke so ku haɗu rukuni, kowa ya tsaya wa ɗan uwansa, ka buɗe asusu da BVN, ka yi ajiya na ɗan lokaci, su zo su ga inda kake sana'a. Amma ka iya lissafinsu kafin ka sa hannu. Misali a ce maka kashi 4 a wata, dubu 200 na wata shida. Ruwan dubu 48 ke nan, za ka mayar da dubu 248, wato dubu 10 da ɗari uku da 'yan kai kowane mako har mako 24. To ka lura, tun makon farko ka fara mayar da uwar kuɗin, a tsakiyar wa'adi rabi ne kawai a hannunka, amma ruwan a kan dubu 200 cif ake lissafa shi har ƙarshe. Ka ga ainihin ruwan da kake biya ya kusa ninkin abin da aka faɗa maka. In kuma sun riƙe dubu 20 a matsayin ajiyar dole, suka cire dubu 5 na fom da inshora, dubu 175 ka tafi da ita gida. Tambaya biyu za ka yi wa jami'in: nawa zai shigo hannuna yau, kuma nawa zan biya gaba ɗaya? A rubuta maka.

Sai Bankin Manoma, BOA, mai hedikwata a Kaduna. Na gwamnati ne, yana da rassa a jihohi, kuma ya fi sauraron ƙungiyar gama kai mai rajista fiye da mutum ɗaya. Sarrafa amfanin gona kamar niƙa yana cikin abin da ya shafe shi. Sai dai a shirya haƙuri, ba abu ne na mako biyu ba.

Ummu_Khalil:
Baba Akawu Allah ya saka da alheri. Wallahi wannan lissafin da an yi mana shi tun farko da mata da yawa ba su shiga uku ba. A garinmu wani ƙaramin banki ya ba mata rance rukuni-rukuni. Ɗaya ta yi rashin lafiya ta kasa zubi, ranar taro aka hana kowa tashi sai da aka haɗa nata. Daga baya aka je gidanta aka ɗauke mata keken ɗinki, wanda shi ne abin da take samun na biyan. Har yau akwai gidajen da ba sa gaisawa saboda wannan. Duk wanda zai shiga rukuni ya san cewa bashin kowa ya hau kansa.

Abba_POS:
Ni fa na ji an ce kuɗin da CBN ya bayar ta bankin NIRSAL lokacin korona kyauta ne, mutane da yawa sun karɓa ba su biya ba. Ba a buɗe irinsa yanzu?

Tsohon_Akawu:
Abba, ba kyauta ba ne, bashi ne, kuma ana bin sa. Tun watan Agusta na 2020 akwai tsarin da ake kira GSI: in ka sa hannu ka ci bashi ka ƙi biya, ana iya cire kuɗin daga duk wani asusu da ke haɗe da BVN ɗinka, ko a wane banki yake. Kuma sunanka yana shiga rajistar masu taurin bashi, gobe ka zo da buƙata ta gaskiya a hana ka. Shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015 shi ma haka aka ɗauke shi, rabon ganima, da yawa ba su biya ba. Zuwa ƙarshen 2023 sabon shugabancin CBN ya ce ya janye hannu daga irin waɗannan shirye-shiryen ba da rance kai tsaye. Wanda ya ci ya ƙi biya, ƙofar ƙanensa ya rufe.

Basakkwace:
Baba, a yi adalci dai. Akwai waɗanda sunka ƙi biya da gangan, gaskiya ne. Amma akwai manomin da anka kawo mai taki da iri bayan shuka ta yi nisa, akwai wanda ambaliya ta cinye mai gona, akwai wanda anka sa sunanai a takarda bai ga ko buhu guda ba. Su ma duk masu taurin bashi ne?

Tsohon_Akawu:
Ban musa ba. Amma kwamfuta ba ta bambance su, shi ya sa nake cewa kada mutum ya ba kowa BVN ɗinsa don a “sa shi a lis”.

Rabi_Tasawa:
Ina gaishe ku daga Nijar. Ni abin da ya ba ni mamaki, kuna ta zancen banki alhali dubarar da duniya ta ara daga wajenmu tana kusa da ku. Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi aka fara ta a 1991, tare da ƙungiyar CARE, yanzu ƙasashe da yawa suna yin ta. Ba adashe ba ce. Mata 15 zuwa 30 su haɗu, kowane mako kowa ta zuba abin da aka yanke, kuɗɗin su shiga akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku. Makullan suna hannun mata uku daban, akwatin kuma yana ɗakin ta huɗu, ba a buɗe shi sai gaban kowa. Mai buƙata ta ɗauki rance, galibi har ninki uku na abin da ta tara, ta mayar cikin wata uku ko abin da aka shirya. Akwai kuma ɗan asusu na gefe don rashin lafiya ko rasuwa, shi ba a mayarwa. Shekara ta zagayo a fasa akwati a raba, kowa gwargwadon zubinta.

Ƙungiyarmu da muka fara, ko jikka ɗaya, wato sefa dubu, ba kowa ke iya zubawa ba a mako. Yau muna da injin niƙa namu na ƙungiya, mun ɗauki yaro yana tuƙa shi. Maza ma sun fara yin tasu. Ɗan Gagarawa, matan nan da ke aika yara bakin titi su ne suka fi kowa son injin ya zo. Ka yi magana da su?

Ɗan_Gagarawa:
Yaya Rabi, akwai ƙungiyar mata a garinmu mai irin wannan akwatin, wata ƙungiyar agaji ce ta koya musu, mahaifiyata ma tana ciki. Sai dai ba sa ba wanda ba ɗan ƙungiya ba, kuma abin da ke akwatin ba zai kai abin da nake nema ba.

Rabi_Tasawa:
Ba sai sun ba ka rance ba. Su sayi na markaɗen ya zama nasu, kai ka sayi na gari, inji ɗaya ya ja su duka a rumfa ɗaya, ku raba abin da aka samu.

Ustaz_Nura:
Assalamu alaikum. Tunda mai tambaya ya ce ba ya son mai ruwa, ya kamata a tsaya a nan kaɗan. Duk rancen da aka sharɗanta ƙari a kansa riba ne, banki ne ya bayar ko akwatin mata, an kira shi ruwa ko an kira shi kuɗin hidima. Adashe na zubi da ɗauka ba ƙari, galibin malaman zamani sun halatta shi. Akwatin da Malama Rabi ta kawo shi ma babu laifi in an cire ƙarin. Na san ƙungiyoyin da suka gyara nasu: maimakon su ba mace kuɗi ta mayar da ƙari, sai ƙungiya ta sayo buhun gyaɗa ko akuya, ta sayar mata a kan farashin da aka yi ciniki, ta biya a hankali. Wannan ciniki ne.

Shi ne kuma abin da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa ke yi, murabaha. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Ba za su miƙa maka kuɗi ba. Za ka kawo takardar farashin injin daga mai sayarwa, su saya, su sayar maka da ribarsu a bayyane, kuma farashin ba ya ƙaruwa bayan an ƙulla.

Bakatsine77:
Malam, ni dai ban ga bambanci ba. In ka lissafa abin da za ka biya a ƙarshe, kusan ɗaya ne da na sauran. Kuma su ma sai sun nemi garanto. Rassansu kuma duk a manyan birane.

Ustaz_Nura:
Maganar garanto da nisan rassa gaskiya ce, ban ce suna da sauƙi ba. Amma kusancin farashi ba ya mayar da ciniki riba. A ciniki kayan sai sun shiga mallakar banki kafin ya sayar maka, in injin ya lalace kafin a damƙa maka asarar banki ce. Wanda ya ga an tsallake wannan matakin, aka tura masa kuɗi kawai aka kira shi murabaha, yana da haƙƙin ya yi tambaya.

Manomi_Kafin_Hausa:
Malam tunda kana nan, ba da kaka fa? A wajenmu shi ne bankin talaka. Da damina ɗan kasuwa ya ba ka kuɗi, da kaka ka biya da buhu. Wani kuma ya ba ka buhun gero ɗaya ka mayar da ɗaya da rabi ko biyu. Ga kuma jinginar gona, mai kuɗi ya yi ta nomanta har sai ka biya.

Ustaz_Nura:
Abu uku ka kawo, hukuncinsu ba ɗaya ba. Buhun gero a mayar da buhu biyu na gero riba ne ƙarara. Ba da kuɗi yanzu a karɓi hatsi da kaka kuwa asalinsa halal ne, shi ne salam, in an biya kuɗin duka a wurin, an san irin hatsin, an san ma'auni, an san lokaci, kamar yadda ya zo a hadisin Ibn Abbas. Inda ake cutar mutane shi ne farashin: a ga mutum yana cikin yunwar damina a sayi buhunsa rabin kuɗi. Cinikin yana iya inganta, amma mai yin haka ya ji tsoron Allah. Jinginar gona a kan rancen kuɗi, mai bin bashi yana cin amfaninta kuma bashin bai ragu ba, wannan rance ne da ya jawo amfani, malamai sun hana. Ɗan Gagarawa, kai ma gonar ta gado ce ba a raba ba, ba ka da ikon jingina ta kai kaɗai.

Talatu_Bauchi:
Mu a nan Bauchi akwai DEC, ƙungiya mai zaman kanta da ke ba da ƙananan rance, tun 1987 suke aiki da ƙungiyoyin mata a karkara, kuma sun bazu jihohi da dama na Arewa. Ta hanyarsu na fara sana'ar man gyaɗa. Ba su fara ba ni da yawa ba, sai da na biya na farko da na biyu sannan suka ƙara. Abin da zan ce shi ne, duk mai ba da rance, ko banki ko ɗan kasuwa, tarihinka yake dubawa. Ka sayi littafi tun ranar farko ka riƙa rubuta kwano nawa ka niƙa, nawa ka sha mai. Littafin nan ya fi dogon bayani a gaban manaja.

Abba_POS:
Anti Talatu ta yi gaskiya. Ni Moniepoint da nake aiki da na'urarsu, bisa yawan kuɗin da ke wucewa ta asusuna suka yi min tayin rance, ba su tambayi fili ba. Amma na jari ne na gajeren lokaci, ba na sayen inji ba, kuma da ruwa. Ɗan Gagarawa ko da ba za ka ci bashi ba, ka riƙa zuba cinikinka a asusu.

Zee_Kano:
Ku yi hankali da manhajojin ba da bashi na waya don Allah. Yayana ya ci dubu 30 a wata, ya yi jinkirin kwana kaɗan, suka tura wa duk lambobin da ke wayarsa saƙo cewa ɓarawo ne, har surukansa. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta fara yi musu rajista tun 2022, tana da jerin waɗanda ta amince da su, amma marasa rajista ba su ƙare ba.

Sadiq_Mashin:
Akwai wani a garinmu yana sayar da fom na Development Bank dubu 5, ya ce za a ba da dubu 500 kowa. In saya?

Tsohon_Akawu:
Kada ka saya. Development Bank ɗin, wato DBN, ba ya ba mutum rance kai tsaye, bankuna da ƙananan bankuna yake ba kuɗi su kuma su bayar. Duk wanda ya ce yana da fom ɗinsa na sayarwa ɗan damfara ne. Haka ma duk wanda ya ce ka fara biya kafin a sa sunanka a tallafin gwamnati. Sannan kafin ka ajiye kuɗi a ƙaramin banki ka tabbatar yana da lasisi. A watan Mayun 2023 CBN ya soke lasisin ƙananan bankuna sama da 130. Mai lasisi, hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, tana biyan masu ajiya in ya rushe, kuma a 2024 an ɗaga abin da take biya a ƙananan bankuna daga dubu 200 zuwa miliyan 2. Wanda ya kama shago ya kafa allo ba lasisi, ranar da ya rufe babu mai biyan ka.

Rabi_Tasawa:
Ga mai tambayar ba da kaka: mu nan akwai abin da ake kira warantaji, ya rage wannan cutar a garuruwa da yawa. Da kaka, maimakon manomi ya sayar da hatsinsa da arha, ƙungiya ta tara buhuna a magaza, wato ɗakin ajiya, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya wajen ƙungiya ɗaya wajen ƙaramin bankin da ya ba da rance. A ba kowa wani kaso na darajar hatsinsa ya yi kiwo ko noman rani da shi. Da bazara farashi ya hau, ya biya ya karɓi buhunansa.

Manomi_Kafin_Hausa:
In farashin ya hau ke nan, Yaya. A 2025 mu nan waɗanda suka ajiye masara da gero kuka suka yi, farashi ya faɗo ƙasa da yadda suka saya. Wanda ya ajiye da kuɗin bashi ya fi kowa shan wuya.

Admin_Garba:
Jama'a muhawara ta yi kyau, amma mu dawo kan bawan Allah mai inji. Kuma na goge saƙonni biyu na masu sa lambar waya suna cewa a tuntuɓe su don rance.

Malam_Idi_Haɗeja:
Ni sakataren ƙungiyar gama kai ne ta masu noman rani. Ɗan Gagarawa, yin rajista ba shi da wuyar da ake zato. Mutum goma sun isa a kafa ƙungiya. Ku zauna ku zaɓi shugaba da sakatare da ma'aji, ku rubuta dokokinku, ku je wajen jami'in gama kai na ƙaramar hukuma ya haɗa ku da ma'aikatar jiha a ba ku satifiket, sai ku buɗe asusu da sunan ƙungiya. Amma in don a karɓo rance kawai za ku kafa ta, kada ku fara. Irin waɗannan ƙungiyoyin ranar da kuɗi ya shigo ranar suke mutuwa. Tamu sai da muka daɗe muna zubi muna ba junanmu rance kafin mu tunkari kowa. Da muka je, littafin taronmu da sitetimen na asusu aka fara tambaya.

Ka kuma leƙa kwamitin zakka na masarautarku. A Jigawa masarautu suna da kwamitocin zakka, a Sakkwato da Kano da Zamfara kuma hukumomi ne na jiha. Wani lokaci suna ba da jari ko kayan sana'a. Ba bashi ba ne, amma na mabuƙata ne na gaskiya.

Hajiya_Maijidda:
Malam Idi, mai dubu 350 a hannu da gona ba na jin zakka ta hau kansa, a bar wa marayu da zawarawa. Ni abin da ban ji kowa ya faɗa ba shi ne dangi. Ƙanena, ba ka da kawu ko yaya a Kano ko Legas? Ba ka da ɗan kasuwar da kake sayar wa riɗi duk shekara? Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne. Ka je da lissafinka a rubuce, ka ce ya shigo da dubu 200 a matsayin haɗin gwiwa, a raba riba, in ka samu ka sayi kasonsa. Mutumin da ya san mahaifinka zai ɗaga maka ƙafa da damina, banki ba zai ɗaga ba.

Ummu_Khalil:
Hajiya, kuɗin dangi ma yana raba zumunci fa. Na ga wa da ƙane a gaban alƙali a kan injin ban ruwa.

Ustaz_Nura:
Saboda ba su rubuta ba ne galibi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. A rubuta ko nawa ne, kason kowa a riba, wa ke ɗaukar gyara, me za a yi in ɗaya yana son fita. A haɗin gwiwa kuma ba a lamunce wa mai kuɗi uwar kuɗinsa, in asara ta zo ba da sakaci ba kowa ya ɗauka gwargwadon abin da ya zuba. Liman da mai unguwa su sa hannu.

Mai_Inji_Ringim:
Na manta ban faɗa ba: masu sayar da injuna a Kano wasunsu suna bayarwa a biya kashi-kashi, in ka ba da fiye da rabi kuma wani abokin cinikinsu ya kai ka. Farashin yana ɗan hawa a kan na kuɗi hannu. Ni nawa na biyu haka na same shi. Malam, wannan ya halatta ko?

Ustaz_Nura:
Ya halatta a wajen jumhurin malamai, in an tsayar da farashi ɗaya kafin a rabu, kuma ba a ƙara komai in an yi jinkiri.

Ɗan_Gagarawa:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yi magana da mahaifiyata a kan shawarar Yaya Rabi, ta ce za ta kai wa matan ranar taronsu, amma sai bayan sun fasa akwati za su iya cewa wani abu. Alhajin da nake kai wa riɗi zan same shi ranar Alhamis a kasuwar Maigatari. Mai Inji, in na samu na hannu, me da me zan sa bakanike ya duba? Kuma na gas ya fi ko na fetur?

Bakatsine77:
Ni dai har yanzu ina kan bakana, ya ƙara noman riɗi shekara ɗaya ya saya da kuɗinsa ba bashin kowa.

Talatu_Bauchi:
Kafin shekara ɗayan wani ya riga shi kafawa a garin, kuma kuɗin injin ba zai tsaya jiransa ba.

Mai_Inji_Ringim:
Na gas ya fi jure aikin gari, na fetur ya fi dacewa da markaɗe. A tayar da shi da sanyin safiya a gabanka, kada ka yarda a ce an riga an ɗumama shi. Ka duba kalar hayaƙi, ka duba ko yana shan baƙin mai ko yana yoyo, a zuba masa dawa ya yi aiki ka ji ko ƙararsa tana sauyawa. Ka tambayi ko ana samun kayan gyaransa a Gumel ko Haɗeja, don in sai Kano duk lalacewa za ta ci maka kwana biyu ba aiki. Ka kuma ware aƙalla dubu 50 ta mai da gyaran watan farko kada ka taɓa ta wajen ciniki. In ka tsayar da ranar zuwa Kano ka yi min magana ta akwatin sirri, in haɗa ka da bakanikena.